Shekara Goma Sha Ɗaya Kan Shawara Guda: Nazarin Shari'ar Wani Direban Tirela a Amurka

Wannan nazari ya bi diddigin shari'ar wani direban tirela ɗan asalin ƙasar Honduras mai suna Jose Padilla, tun daga tsayar da motarsa a jihar Kentucky cikin watan Satumba na 2001 har zuwa lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke hukuncin da aka yi masa cikin watan Satumba na 2012. A tsakanin nan lamarin ya ratsa kotuna huɗu, har da Kotun Ƙolin Amurka, kuma ya sauya abin da doka take nema daga duk lauyan da ya tsaya wa baƙo a shari'ar laifi.

Mutumin, da dokar da ta tarar da shi

Mutumin ya shiga Amurka tun yana matashi, ya kuma samu izinin zama na dindindin, wato katin nan da ake kira girin kad. A lokacin da shari'arsa ta isa Kotun Ƙoli ya haura shekara 40 yana riƙe da wannan izini. Ya yi wa Amurka aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka sallame shi cikin mutunci, daga bisani ya kama sana'ar tuƙin babbar mota, iyalinsa kuma duk a ƙasar suke. Sai dai bai zama ɗan ƙasa ba. Aikin soja a lokacin yaƙi yana sauƙaƙa wa baƙo hanyar samun takardar zama ɗan ƙasa, amma dole ne mutum ya nema, ya cika takardu, ya yi rantsuwa, in kuwa bai yi ba to a idon doka baƙo ne komai daɗewarsa.

Dindindin ɗin katin a suna ne kawai, domin wasu laifuffuka suna iya raba mutum da shi. A da akwai ƙofofin sassauci. Dokar shige da fice ta 1917 ta ba alƙalin da ya yanke hukuncin laifi ikon ya ce kada a kori wanda ya hukunta, kuma maganarsa ta zauna. An fara rage wannan iko a 1952, aka soke shi baki ɗaya a 1990. A 1988 Majalisar Dokokin Amurka ta ƙirƙiro wani rukuni na laifuffuka da ta kira masu tsanani, wanda da farko kisan kai da fataucin miyagun ƙwayoyi da safarar makamai kaɗai ya ƙunsa, amma aka yi ta faɗaɗa shi. Sai a 1996 aka kafa dokoki biyu da suka rufe babbar ƙofar da ta rage, wato ikon da ministan shari'a yake da shi na yafe wa mai izinin dindindin kora idan aka duba daɗewarsa da iyalinsa da halinsa. Wannan iko ya tserar da mutum sama da 10,000 daga kora a cikin shekara biyar da suka gabaci 1996.

Akwai kuma wani tsari da ya kamata a fahimta tun a nan, domin a kansa dukkan rigimar ta ginu. Tun a 1893 Kotun Ƙoli ta ce tasa ƙeyar baƙo zuwa ƙasarsa ba horo ba ne na laifi, lamari ne na gudanar da mulki. Saboda haka kotu biyu ke jiran baƙon da aka kama. A kotun laifi, wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 ya wajabta wa gwamnati ta ba talaka lauya kyauta idan ana tuhumarsa da babban laifi. A kotun shige da fice, wadda take ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, gwamnati tana da lauyanta a kowane zama, shi kuwa baƙo an yarda ya zo da nasa idan yana da kuɗin biya.

Satumba 2001 zuwa Oktoba 2002: kamu da amsa laifi

An tsayar da tirelar ne a wurin awon nauyin manyan motoci a gundumar Hardin. Da aka bincika kayan da ke cikinta aka samu tabar wiwi kimanin fam 1,000, wato sama da kilo 450. An tuhume shi da laifi huɗu: fataucin wiwi da ya wuce fam 5, mallakar wiwi, mallakar kayan shanta, da tuƙa tirela ba tare da lambar harajin nauyi da tazara ba. Na farkon shi ne babba, kuma a dokar Kentucky yana ɗauke da ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda bai taɓa yi ba.

A Amurka kusan kashi 95 cikin 100 na hukuncin laifi ba sa zuwa ta hanyar cikakkiyar shari'a a gaban masu taimaka wa alƙali, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya aikata laifin. Mai gabatar da ƙara ne da lauyan wanda ake tuhuma suke ciniki: a amsa wannan, a janye wancan, a rage shekaru kaza. Idan an daidaita sai a je gaban alƙali, a yi ɗan gajeren zama wanda sau da yawa ba ya wuce 'yan mintoci. Alƙali zai tambayi mutum ko ya san ya sarayar da haƙƙinsa na a yi masa shari'a, ko wani ya tilasta masa, ko ya gamsu da lauyansa, shi kuma ya riƙa amsawa da e ko a'a kamar yadda suka tsara tun a waje. Da zarar ya sa hannu bakin alƙalami ya bushe.

Cinikin da aka kawo wa direban shi ne ya amsa laifuffuka ukun da suka shafi wiwi, a janye na harajin mota, a yanke masa shekara 10, ya yi 5 a kurkuku, sauran 5 kuma su zama na je-ka-gyara-halinka a ƙarƙashin sa ido. A cewarsa, kafin ya amince ya ji daga bakin lauyansa cewa kada ya damu da batun takardun zama tun da ya daɗe ƙwarai a ƙasar. Ya amsa laifin, aka shigar da hukunci ranar 4 ga Oktoba, 2002.

Shawarar ta saɓa wa rubutacciyar doka kai tsaye. Sashen da ya shafi lamarin jimla ɗaya ce: duk baƙon da aka samu da laifin da ya danganci miyagun ƙwayoyi ana iya korarsa, in ban da wanda aka kama sau ɗaya da wiwi giram 30 ko ƙasa da haka don amfanin kansa. Babu maganar daɗewa a ciki, babu maganar aikin soja. Bugu da ƙari, fataucin ƙwaya yana cikin rukunin laifuffuka masu tsanani tun ranar da aka ƙirƙiro rukunin.

Oktoba 2002 zuwa Agusta 2004: abin da sa hannun ya janyo

Wanda aka samu da laifi mai tsanani, hukumar shige da fice ce take karɓarsa idan ya gama zaman kurkuku, kuma dokar 1996 ta ce a tsare shi ba beli har a gama shari'ar korarsa, matakin da Kotun Ƙoli ta amince da shi a 2003. Alƙalin shige da fice ba ya sake sauraron ko mutum ya aikata laifin ko bai aikata ba. Takardar hukuncin kotun laifi yake dubawa, ya gwada ta da jerin laifuffukan da ke cikin dokar tarayya.

Akwai wani sassauci da ya maye gurbin wanda aka soke a 1996, wanda ake ba mai izinin dindindin idan ya shekara 5 da katin, ya kuma yi shekara 7 a jere a ƙasar. Direban ya cika waɗannan biyun ya ninka su. Sharaɗi na uku shi ne kada a taɓa samun mutum da laifi mai tsanani, kuma a nan ya faɗi. Irin wannan laifi yana hana mafakar siyasa, yana hana zama ɗan ƙasa har abada idan an yanke hukuncin bayan ƙarshen Nuwamba na 1990, sannan wanda aka kora a kansa ya sake shigowa ta ɓarauniyar hanya yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 20. A taƙaice, da ya ɗauki lauyan shige da fice mafi ƙwarewa a ƙasar a wannan mataki, babu abin kirki da lauyan zai iya gabatarwa a kotun kora muddin takardar hukuncin tana nan.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce a koma kotun laifi a rushe hukuncin daga tushe. Ita ma tana da ƙa'ida. Hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta bayyana a 2003 cewa hukuncin da aka soke don tausayi, ko don mutum ya gyara halinsa, ko don a taimake shi ya tsira daga kora, yana nan daram a wurinta. Wanda take ɗauka ya mutu shi ne wanda aka soke saboda wani aibi na doka a cikin shari'ar kanta.

Agusta 2004 zuwa 2008: kwan gaba kwan baya a kotunan Kentucky

Ranar 18 ga Agusta, 2004, direban ya shigar da buƙata da kansa, ba tare da lauya ba, a kotun da ta hukunta shi, yana neman a soke hukuncin saboda lauyansa bai yi masa aikin da ya dace ba. Hujjarsa ta dogara ne da gyara na shida na kundin tsarin mulki, wanda ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun lauya. Tun a 1984 Kotun Ƙoli ta kafa ma'auni mai hawa biyu ga irin wannan ƙorafi: na farko mutum ya nuna aikin lauyansa ya gaza abin da ake tsammani daga lauya mai hankali, na biyu ya nuna gazawar ta cutar da shi, wato a batun amsa laifi ya nuna cewa da an ba shi shawara ta gari da bai amsa ba.

Kotun gundumar ta yi watsi da buƙatar ba tare da ta kira shaidu ba, bisa dalilin cewa ba sai mutum ya san duk abin da zai iya biyo bayan amsa laifi ba kafin amsawar ta inganta. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta juya wannan hukunci. Ta bambanta lauyan da ya yi shiru da lauyan da ya buɗi baki ya faɗi abin da ba haka ba, ta ce na biyun yana iya zama gazawa, don haka a saurari shaidu.

Gwamnatin jihar ta ɗaukaka ƙara, kuma a 2008 Kotun Ƙolin Kentucky ta ba ta gaskiya. Ta jingina da wani hukunci nata na 2005 da kuma ƙa'idar da yawancin kotunan ƙasar suke bi a lokacin, wadda ta raba sakamakon hukunci gida biyu. Akwai na kai tsaye, kamar shekarun ɗauri da tara, wanda alƙali yake furtawa. Akwai kuma na gefe, kamar rasa ikon jefa ƙuri'a ko lasisin sana'a ko izinin riƙe bindiga, wanda wata hukuma dabam take zartarwa. Kotun ta sa kora a gida na biyu, ta ce tun da lauya ba shi da nauyin yin magana a kai, kuskuren da ya yi a kai ma ba ya rushe hukunci. Fiye da shekara uku ke nan da shigar da buƙatar, kuma har lokacin babu kotun da ta ji daga bakin direban ko lauyansa abin da aka faɗa a tsakaninsu.

2009 zuwa Maris 2010: Kotun Ƙolin Amurka

Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar a watan Fabrairu na 2009, ta saurari lauyoyi ranar 13 ga Oktoba, ta yanke hukunci ranar 31 ga Maris, 2010. Wannan shi ne hukuncin da lauyoyi suke kira Padilla da Kentucky. Alƙalai 7 cikin 9 suka ba direban gaskiya, kuma Mai Shari'a John Paul Stevens, yana ɗan shekara 89, saura wata uku ya yi ritaya, shi ya rubuta ra'ayin mafi rinjaye.

Stevens ya faro ne da tarihin da aka kawo a sama, ya nuna cewa bayan 1996 kora ta zama abin da kusan babu makawa ga baƙi da yawa da aka samu da laifi, har ta kai wani lokaci ita ce ɓangare mafi nauyi na horon da ke jiransu. Ya ce saboda yadda ta manne da shari'ar laifi, ba za a iya ajiye ta a gidan sakamako na gefe ba. Daga nan ya raba nauyin lauya biyu. Inda dokar shige da fice take a fili, kamar a wannan lamari da karanta sashe ɗaya ya isa, wajibi ne lauya ya faɗa wa mutum sarai cewa amsa laifin zai kai shi ga kora. Inda dokar take da sarƙaƙiya, ya isa ya gargaɗe shi cewa akwai hatsarin hakan.

Lauyoyin gwamnatin tarayya sun ba da shawarar a tsaya a kan bambancin da kotun ɗaukaka ƙara ta Kentucky ta yi, a hukunta shawarar ƙarya kawai a ƙyale shiru. Kotun ta ƙi, saboda hakan zai koya wa lauyoyi cewa kame baki shi ne mafita ko da amsar tana gabansu. Ta kuma yi wata magana da daga baya ta zama tushen sana'a guda: idan lauya da mai gabatar da ƙara duk sun san da batun kora, suna iya ƙulla cinikin da gwamnati za ta samu hukuncin da take so, baƙo kuma ya tsira da zamansa.

Mai Shari'a Samuel Alito, tare da Alƙalin Alƙalai John Roberts, ya yarda da sakamakon amma ya ƙi ma'aunin. A ganinsa dokar shige da fice fage ne mai zaman kansa wanda lauyan laifi bai ƙware a kai ba, don haka abin da ya kamata a nema daga gare shi shi ne kada ya faɗi kuskure, ya kuma tura mutum wurin masani. Antonin Scalia da Clarence Thomas sun ƙi gaba ɗaya, suka ce gyara na shida ya tsaya ne a kan tuhumar da ke gaban kotu, sauran gyara aikin 'yan majalisa ne.

Duk da wannan nasara, hukuncin 2002 bai rushe ba. Kotun Ƙoli hawan farko na ma'aunin kawai ta yanke, ta mayar da na biyun ga kotunan Kentucky.

2010 zuwa Satumba 2012: komawa Hardin

A wannan karo kotun gundumar ta saurari shaidu, sannan ta sake ƙin buƙatar. Dalilinta shi ne hujjar da ke kansa tana da ƙarfi, mutum ne aka kama da lodin wiwi a motar da yake tuƙawa, don haka babu mai hankalin da zai ƙi ciniki ya tafi shari'ar da zai sha kaye.

Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta juya wannan a watan Satumba na 2012. Ta ce abin tambaya shi ne ko ƙin cinikin zai zama matakin hankali ga mutum a irin halinsa, kuma ba a buƙatar ya tabbatar da cewa da ya je shari'a da ya yi nasara. Direban ya tsaya a kan cewa bai san abin da ke cikin kayan da aka lafta masa ba, kuma sanin nan abu ne da mai gabatar da ƙara zai tabbatar a gaban masu taimaka wa alƙali. Sannan ga mutumin da ya yi mafi yawan rayuwarsa a Amurka, iyalinsa suna can, amsa laifin ya mayar da korarsa tabbas, alhali shari'a ta bar masa wata 'yar dama komai ƙanƙantarta. Kotun ta soke hukuncin, ta mayar da lamarin kotun gunduma. Da yake saboda aibi na tsarin mulki aka soke shi, hukuncin ya daina zama hujjar kora a wurin hukumar shige da fice.

Bayan 2012: sana'ar da ta tsiro a gurbin kuskuren

Ba duk masu irin matsalarsa ne suka ci moriyar hukuncin ba. A watan Fabrairu na 2013 Kotun Ƙoli ta ce sabuwar ƙa'ida ce, don haka a matakin tarayya ba ta komawa baya ta shafi waɗanda shari'arsu ta kammala kafin Maris 2010. A watan Yuni na 2017 kuma, a shari'ar wani mai gidan abinci ɗan asalin Koriya ta Kudu a jihar Tennessee, ta ɗauki irin matsayin da kotun Kentucky ta ɗauka a 2012, ta ce baƙo yana iya zaɓar shari'a ko da damar nasararsa kaɗan ce idan zamansa ne a kan layi.

Tun a 2006 wata malamar shari'a, Juliet Stumpf, ta haɗa kalmomin Ingilishi biyu, ta laifi da ta shige da fice, ta raɗa wa fagen da dokokin biyu suka haɗu suna guda, wato crimmigration. Bayan 2010 fagen ya zama guraben aiki. Ofisoshin lauyoyin da gwamnati take biya su kare talakawa sun fara ɗaukar masanin shige da fice ya zauna a cikinsu, jihar New York kuma ta kafa cibiyoyin yanki da lauyoyin laifi suke tuntuɓa kafin su ƙulla ciniki. A 2013 birnin New York ya fara shirin ba baƙin da ke tsare lauya kyauta a kotun kora, irinsa na farko a ƙasar. Kaliforniya ta rubuta a dokarta cewa mai gabatar da ƙara ma ya yi la'akari da batun kora lokacin ciniki, kuma daga Janairu 2017 ta buɗe wa wanda ya riga ya gama zaman kurkuku hanyar neman a soke hukuncinsa kan irin wannan kuskure.

Da a yau aka kawo direban irin waɗannan ofisoshi, tambayar farko da za a yi masa a ɗakin tsare mutane na bayan kotu ita ce inda aka haife shi. Daga nan sai shekarar shigowa, da irin takardar da yake riƙe da ita, da duk wani tsohon kamu komai ƙanƙantarsa, da ko ɗaya daga iyayensa ya zama ɗan ƙasa yana yaro, domin akan samu wanda ɗan ƙasa ne ta wajen iyaye bai sani ba. Masanin zai ɗauko sashen dokar jiha da ake tuhumarsa da shi ya ajiye kusa da ma'anar laifin a dokar tarayya, ya bi su kalma bayan kalma, domin kotu tana duba abin da sashen ya ƙunsa ne, ba labarin abin da ya faru ba. Da wannan hanya wani ɗan Jamaika da aka kama da wiwi giram 1.3 a jihar Jojiya ya yi nasara a Kotun Ƙoli a 2013, saboda sashen da ya amsa ya haɗa har da wanda ya ba abokinsa kaɗan kyauta. Wani lokaci kuma kwana ɗaya ne ke raba zama da kora: sata tana zama laifi mai tsanani idan an yanke shekara ɗaya, ko da ba a yi zaman ba, amma kwana 364 ba ya kaiwa. Shi ya sa jihohi irin su Washington da Kaliforniya da New York suka rage iyakar horon ƙananan laifuffuka zuwa kwana 364. Akan ga lauya a wannan fage yana roƙon mai gabatar da ƙara ya ƙara wa wanda yake karewa kwanakin kurkuku a madadin a sauya sashen doka, abin da lauyan laifi na da zai ɗauka hauka ne.

Mai son shiga aikin yana yin digiri na farko, ya yi shekara uku a makarantar lauya, ya ci jarrabawar wata jiha. Da yake dokar shige da fice ta tarayya ce, lasisin kowace jiha ya isa a tsaya a kotun kora, amma kotun laifi ta jiha sai da lasisinta, don haka mai aikin rushe tsohon hukunci yana buƙatar duka biyun su haɗu a hannunsa ko a ofishinsa. Yawancin guraben suna ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyin sa-kai, inda albashi bai kai na kamfanonin lauyoyi ba, ko da yake wata doka ta 2007 tana yafe ragowar bashin karatu na tarayya ga wanda ya yi shekara 10 yana biya yana aikin al'umma. New York na cikin jihohin da suke ba wanda ya karanci lauya a Najeriya ko Gana damar zana jarrabawarta idan ya cika sharuɗɗa, kuma a unguwa irin Bronx, inda mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, lauyan da zai yi wa mutum waɗancan tambayoyi na farko da harshensa yana da abin da abokan aikinsa ba su da shi.

Auna lamarin

Abin da ya gaza tun farko shawara ce da aka gina a kan zato. Lauyan ya auna lamarin da hankalin yau da kullum, cewa mutumin da ya yi wa ƙasa soja ya kuma shekara da shekaru a cikinta ba za a kore shi ba, kuma kafin 1996 wannan zato yana da ɗan tushe. Cinikin kansa ma bai taka kara ya karya ba: an yanke masa shekara 10, wadda ita ce iyakar babban laifin, ribarsa kawai ita ce rabinta a waje. An gudu ba a tsira ba.

Ƙorafin da ya shigar a 2004 ya gaza a Kentucky saboda ƙa'idar raba sakamako gida biyu, wadda take kallon wace hukuma ce ta zartar da abu, ba ta kallon nauyinsa a kan mutum. Abin da ya yi aiki a 2010 shi ne lamarin ya zo da tsabta: dokar a fili take, shawarar ta saɓa mata ƙarara, mutumin kuma tsohon soja ne mai izinin dindindin. Abin da ya yi aiki a 2012 shi ne an sauya tambaya daga ko zai yi nasara a shari'a zuwa ko ƙin cinikin hankali ne a wurinsa.

A ganin mai wannan nazari, Alito ya yi gaskiya da ya ce fagen ya fi ƙarfin lauyan laifi shi kaɗai, amma maganin da ya kawo, na a tura mutum wurin masani, ba ya amfanar talakan da ke tsare wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya na biyu kuma ciniki yana jiransa a ranar. Ofisoshin da suka shigo da masanin cikin gida su ne suka amsa damuwarsa a aikace, sai dai wannan ya dogara da kasafin kowace jiha da gunduma, kuma a wurare da yawa lauya ɗaya ne har yanzu yake riƙe da tarin fayil ba tare da mai tuntuɓa ba. Ya kamata kuma a faɗi iyakar abin da masani zai iya yi a wannan lamari musamman. Da wiwi fam 1,000 a tirela, da wuya wani mai gabatar da ƙara ya yarda da sashen da bai ambaci ƙwaya ba, don haka mai yiwuwa abin da shawara ta gari za ta ba direban a 2002 shi ne sanin cewa cikakkiyar shari'a ce kaɗai damarsa. Wannan zaɓi ne kotun ɗaukaka ƙara ta mayar masa a 2012, bayan shekara biyar ɗin kurkukun da ya karɓa a cinikin sun daɗe da wucewa.